Ƙauyen ƙasa da aka gina wa mutanen da ba su nema ba: nazarin wani aiki a kudancin Masar

Asalin matsalar

A gaɓar yamma ta kogin Nilu, daura da birnin Luksor a kudancin Masar, akwai wani tsauni mai farin dutse wanda manyan fadawan fir'aunoni suka fafe suka yi kaburburansu a cikinsa fiye da shekaru 3,000 da suka wuce. A kan wannan tsauni, a tsakanin bakunan kaburburan, wani ƙauye mai suna Gurna ya kafu, kuma zuwa shekarun 1940 mutanensa sun kai kimanin 7,000, sun kasu zuriya biyar. Gidaje da yawa an jingina su ne da bakin kabari, ta yadda ɗakin da aka sassaƙa cikin dutse ya zama ma'ajiyar hatsi, ko turken dabbobi, ko wurin fakewa da rana tsaka, domin zafin bazara a wannan yanki yakan haura digiri 40, ruwan sama kuwa sai a daɗe ba a ga ɗigonsa ba.

Gonakin da ke ƙasan tsaunin ba su isa ciyar da jama'ar ƙauyen ba, saboda haka abincin yawancinsu yana cikin kaburburan ne. Wasu leburori ne na Turawa masu haƙar kayan tarihi, wasu masu gadi, wasu suna sassaƙa 'yan gumaka suna sayar wa baƙi, wasu kuma, kamar yadda hukuma ta daɗe tana zargi, suna haƙa ta ƙarƙashin ɗakunansu da dare suna sayar da abin da suka samo. Da aka wayi gari an yanke wani babban zane daga jikin dutse an yi gaba da shi, sai gwamnati ta fitar da doka ta karɓe filin, ta ɗora wa Hukumar Kayan Tarihi nauyin tayar da mutanen da sama musu wani mazauni. Hukumar ba ta da kuɗin gina wa mutum 7,000 gidajen siminti, don haka ta shiga neman wanda zai yi aikin da araha.

1941: rufin da ya faɗi da wanda ya tsaya

Wanda aka samu shi ne Hasan Fathi, masanin zayyanar gine-gine, haifaffen Iskandariyya a 1900, wanda ya riga ya yi shekaru yana jayayya da abokan sana'arsa cewa talakan Masar ba zai taɓa mallakar gida mai kyau ba muddin sai an shigo da ƙarfe da katako daga waje. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarfafa hujjarsa, domin ya toshe hanyar shigo da waɗannan kaya. Bango ba matsala ba ne, tunda manomi ya iya kwaɓa ƙasa ya buga tubali. Matsalar tana wajen rufi.

A 1941 Fathi ya gwada rufin baka na tubalin ƙasa a wata gona da ke Bahtim kusa da Alƙahira, ba tare da katakon tallafi ba, rufin ya rufto. Bayan haka ya tafi Aswan, inda ya ga ƙauyukan mutanen Nuba da gidajensu masu rufin baka da ƙubba na ƙasa zalla, ya kuma ga rumbunan da ke bayan wurin bautar Fir'auna Ramsis na Biyu a Luksor, waɗanda rufinsu na tubali ya tsaya tun zamanin mai su. Ya ɗauko magina daga Aswan suka zo suka rufe ɗakunan da suka gagara.

Yadda suke yi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne jarin aikin gaba ɗaya. Ana tayar da bangon ƙarshen ɗaki ya fi na gefe tsawo. Magina biyu su hau kan katako, su shafa kwaɓaɓɓiyar ƙasa a jikin wannan bango da hannu, su fitar da siffar baka mai kama da kan ƙwai, su daidaita gefenta da gizago. Tubalin da suke amfani da shi sirara ne, santimita 25 a tsawo, 15 a faɗi, 5 a kauri, an yawaita masa ramno don ya yi sauƙi, an kuma ja yatsu biyu a fuskarsa tun yana ɗanye domin ƙasa ta sami wurin kamawa. Sahun farko ba ya haɗewa a sama. Ana jingina shi ne da bangon a karkace, na biyu ya jingina da na farko ya ɗan ɗara shi tsawo, har a kai sahun da zai rufe bakan. Daga nan kowane sahu yana kwance a kan wanda ya gabace shi, ana cusa tsakuwa ko fasasshen kasko a tsakanin tubala, nauyin duka yana gangarawa zuwa bangon ƙarshe da na gefe. Da wannan dabara magina biyu suna rufe ɗaki mai mita 3 da 4 cikin kwana ɗaya da rabi, ba azara, ba rodi, ba kwano.

1945 zuwa 1946: tsarin sabon ƙauye

A 1945 aka damƙa wa Fathi aikin. An sayi fili mai eka 50 a cikin gonaki, kusa da hanyar da baƙi ke bi daga bakin kogi zuwa kaburbura. Filin yana cikin kwarin da Nilu ke malalewa duk shekara, abin da ke hana ruwa shiga shi ne ganuwar ƙasa da aka kewaye shi da ita. An tsara mazauni na iyalai kusan 900, da masallaci, da kasuwa, da masaukin masu sana'ar hannu, da dandalin wasannin kwaikwayo, da zauren taro, da makarantar samari da ta 'yan mata.

Fathi ya ƙi tsarin gidaje iri ɗaya a jere kamar barikin soja. Ya raba ƙauyen gida huɗu bisa zuriyoyin tsohon ƙauye, ya tara gidajen dangi a kewayen ƙananan filaye, ya sa lunguna su zama ƙanana masu lanƙwasa don su riƙe inuwa, ya kuma yi niyyar zana wa kowane iyali gidansa daban gwargwadon yawansu da sana'arsu. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, bai isa cikin ɗaki ba sai dare ya yi, lokacin da mutane suka hau soro. A azuzuwan makaranta ya sa bututun kama iska a saman rufi, iskar ta bi ta kan jiƙaƙƙen gawayi kafin ta sauko, kuma ya ba da rahoton cewa hakan ya rage zafin aji da digiri 10. Ramin da za a haƙa don buga tubali ya yi shirin mayar da shi tafki mai tsabta, domin yara su daina wanka a magudanan da ke ɗauke da tsargiya. Ruwan sha kuwa bai ja shi cikin gidaje ba. Ya ajiye famfuna a filayen unguwa, bisa ra'ayinsa cewa zuwa ɗibar ruwa shi ne damar da 'yan mata ke da ita ta fita da haɗuwa da juna.

Abin da bai samu ba shi ne bakin masu gidajen. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa mazan ba su nuna sha'awar tattauna zanen ba, matan kuwa, waɗanda su ne masu wuni a cikin gida, ba a bar shi ya gana da su ba. Mutumin da bai yarda zai tashi ba, ba zai zauna ya faɗa maka inda yake son a sa masa murhu ba. Fathi ya cike giɓin da abin da ya lura da shi da abin da yake ganin ya dace, ya ɗauko tsakar gida daga tsofaffin gidajen Alƙahira, ya ɗauko ƙubba daga Nuba. A idon mutanen wannan yanki kuwa, ƙubba alama ce ta hubbaren waliyyi da makwancin mamaci, ba ɗakin da rayayye zai kwana a ciki ba.

1946 zuwa 1948: aiki da tsayawarsa

An fara da manyan gine-ginen jama'a da rukunin gidaje na farko. Ginin kansa bai ba da wahala ba. Magina daga Aswan sun koya wa samarin yankin, samarin sun iya, rufi ya tsaya. Wahalar ta fito ne daga ofis. Dokokin sayayya na gwamnati an yi su ne don ɗan kwangila mai kawo siminti da ƙarfe, ba su san yadda ake sayen karan alkama daga manomi a lokacin girbi ba, sai a yi makonni ana jiran takardar izini masu buga tubali suna zaune, albashin leburori ya makara, lokacin aiki ya wuce. A 1947 annobar kwalara ta ɓarke a Masar ta ƙara dagula zirga-zirga da aiki.

Mafi muni ya zo ne a lokacin cikar kogi, da aka tarar an huda ganuwar da ke tsare filin, ruwa ya kwararo ya mamaye wurin ya kai ga tushen gidaje. Fathi ya tabbata da gangan aka yi, kuma masu gadin ganuwar 'yan tsohon ƙauyen ne. Gine-ginen ba su rushe ba, amma saƙon ya isa. Manyan ƙauyen suna ta kai ƙorafi a kan dokar tashin, gwamnati kuma ba ta da niyyar tayar da mutum 7,000 da ƙarfi. A 1948 aiki ya tsaya, ba a kai ga gina ko kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen ba, mutanen kuma suka ci gaba da zamansu a kan tsauni.

1961 zuwa 1989: suna a waje, laima a gida

A watan Janairun 1961 Fathi ya koma ya duba wurin, ya tarar ba a ƙara ko tubali ɗaya ba. Abu biyu kawai ya ce sun yi albarka: itatuwan da ya dasa, da magina 46 da aka horar, waɗanda suke ta samun aiki a yankin. A hankali wasu iyalai suka shiga gidajen, har da waɗanda ba 'yan tsohon ƙauyen ba, suka gyara su yadda suke so. Wasu sun toshe kafofin iska saboda ƙura da sanyin hunturu, wasu sun rufe tsakar gida suka mayar da ita ɗaki.

Littafin da ya rubuta a kan aikin ya fito a Alƙahira a 1969, aka sake buga shi a Amurka a 1973, shekarar da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo duniya ta fara maganar tsimin makamashi. Nan da nan ƙauyen da mutanensa suka ƙi ya zama abin koyarwa a jami'o'i. A 1980 Fathi ya karɓi lambar yabo ta musamman ta Aga Khan kan gine-gine, ya rasu a 1989.

A daidai waɗannan shekaru ƙasar da ƙauyen ke kai tana canzawa. Da aka kammala babbar madatsar ruwa ta Aswan a 1970, ambaliyar shekara-shekara ta ƙare, aka koma ban ruwa rani da damina, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya daina sauka. Ƙauyen ba shi da magudanar ƙazanta, ruwan wanka da na masai yana tsiyaya nan ƙarƙashin gidaje. Laima ta riƙa hawa ta tushen dutse tana ɗauke da gishiri, gindin bango ya riƙa zaizayewa, kuma rufin baka ba ya haƙuri da bangon da ya motsa: da zarar gefe ya buɗe, sai tsaga ta bi tsakiyar rufin. Madatsar ta kuma tare laka da kogin ke kawowa kowace shekara, wadda ita ce asalin tubalin Masar. Masu tubali suka koma kankare saman gonaki, abin ya yi ƙamari har gwamnati ta haramta shi da doka a 1983. Ƙasar da aka ce kyauta ce a ƙarƙashin ƙafar kowane manomi ta zama abin da ake kai mutum kotu a kansa.

Dabarar rufin, ita, ta yi tafiyarta. Wasu matasan masana gine-gine da suka yi aiki da Fathi a farkon shekarun 1970 sun kafa ƙungiyar Development Workshop, kuma a 1980 aka yi ginin farko da wannan rufi a Cikal, a yankin Filinge na jamhuriyar Nijar, inda fari ya sa itacen rufi ya yi wuya, giginya da goruba suna ƙarewa. Daga nan aka horar da magina a wasu sassan Nijar, har Iferwan a tsaunukan Ayar, da Mali da Burkina Faso, ana kiran tsarin gini ba katako. Sai da aka gyara shi, domin daminar Sahel ba ta Luksor ba ce: aka ƙara cikon ƙasa a saman rufi, aka kula da yaɓe da indararo. Wanda ya san daurin guga na maginan Kano da Zariya zai ga bambancin nan take, tunda namu ƙashinsa azara ne, wancan kuwa tubali ne ke riƙe tubali. A Nijar da maƙwabtanta ba a tayar da kowa daga gidansa ba. Mai gida ne ke kiran magini ya biya shi.

2006 zuwa 2021: abin da ya rage

Tashin da ya gagara a 1948 an yi shi a ƙarshen 2006, lokacin da motocin rusau suka hau tsaunin, aka kwashe fiye da iyalai 3,000 zuwa wani sabon mazauni a gefen hamada, mai gidajen bulo da siminti da ruwan famfo a ciki. Tsohon ƙauyen bai taɓa samun ruwan famfo ba saboda gudun lalata kaburbura, mata da yara da jakuna ne ke hawa da shi, kuma ruwan yana cikin abubuwan da aka yi wa mutane alkawari don su yarda.

A ƙauyen Fathi kuwa, iyalai sun yi yawa. Ɗa ya yi aure yana buƙatar ɗaki, fili ba ya ƙaruwa, rufin ƙubba ba ya ɗaukar bene. Mai hali sai ya rushe gidan ƙasa ya tayar da ginshiƙan kankare hawa uku ko huɗu, ya bar rodi a tsaye a sama don ɗan da ke tafe. An rushe makarantar samari. A 2009 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara shirin ceto wurin, a 2010 aka sa shi cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari na Asusun Kula da Gine-ginen Tarihi na Duniya, lokacin da aka ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na ainihin gine-ginen sun riga sun tafi. Juyin juya halin 2011 ya dakatar da shirin, sai daga baya aka dawo, aka kammala gyaran masallaci da dandalin wasanni da masaukin masu sana'a a 2021.

Hukunci

Ta fuskar kayan gini, Fathi yana da gaskiya, kuma lokaci ya ƙara masa gaskiya. Sarrafa siminti shi kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya, gidan kankare a Luksor kuma tanda ne idan babu na'urar sanyaya ɗaki. Gininsa bai ci itace ba, bai ci ƙarfe ba, kuɗin ya tsaya a hannun leburori da magina na yankin, kuma ya jure ambaliyar da aka sakar masa da gangan. Masu cewa aikin ya nuna ginin ƙasa ba shi da ƙarko ba su duba da kyau ba, domin abin da ya ci bangon ruwa ne da aka canza masa hanya shekaru fiye da ashirin bayan ginin, tare da rashin magudana, wanda ko ginin siminti ba ya ƙaunarsa.

Laifin da ke wuyansa na daban ne, kuma a ganina ya fi nauyi. Wanda ya ba shi aiki Hukumar Kayan Tarihi ce, buƙatarta a kwashe mutane daga kan kaburbura, shi kuma ya karɓi wannan buƙata a matsayin damar gwada tunaninsa, ya ɗauka kyan gida zai maye gurbin yardar mai gida. An nemi mutane su bar wurin da abincinsu yake, su sauko cikin gonakin da ba nasu ba, a ba su sana'o'in hannu da ba a tabbatar da kasuwarsu ba. Ko da an gina musu fada, lissafinsu ba zai canza ba. Batun famfo ya fi komai fallasa matsalar: mutumin da bai taɓa ɗaukar tulu ba ya yanke wa matan da bai gana da su ba hukuncin cewa ɗibar ruwa alheri ce gare su, alhali shekaru sittin bayan haka ruwa a cikin gida na daga abin da aka jawo hankalin jikokinsu da shi. Haka nan ya zana gida kamar iyali zai tsaya yadda ya same shi, bai bar hanyar da gidan zai girma ba, kuma wannan, tare da laima, shi ne ya kawo kankaren da ya yi rayuwarsa yana yaƙa.

Ba na ganin adalci ne a ɗora masa madatsar Aswan, wadda ba a fara ginin ta ba sai 1960. Amma shi ya amince da fili a cikin kwarin ambaliya, wanda ganuwa ɗaya ce tsakaninsa da kogi, aka kuma damƙa gadin ganuwar a hannun waɗanda ba sa son aikin.

Abin da ya yi aiki shi ne abin da ya shiga hannun mutane suka tafi da shi: magina 46 na farko, da na Cikal da waɗanda suka biyo bayansu, waɗanda ke gina wa wanda ya nema, a filinsa, su dawo su yi masa yaɓe idan damina ta wuce. A cikin ƙauyen ma, ginin da bai taɓa zama kango ba shi ne masallaci, wanda jama'a suka karɓa suke salla a cikinsa, alhali dandalin wasanni, da ba wanda ya roƙa, ya yi shekaru a rufe. Gyaran 2021 ya tsaya ne a kan manyan gine-ginen jama'a, gidajen ƙasa da suka rage kuwa suna hannun masu su, kowanne yana auna tsagar da ke bangonsa da kuɗin buhun siminti.